Amelia Earhart: Matuƙiyar da ta keta sararin ƙasar Hausa, mai ya yanke mata a tsakiyar teku

Ranar Juma'a 11 ga watan Yunin 1937, daidai lokacin da manoman ƙasar Haɗeja ke zuba ido ga gabas suna jiran ruwan shuka, wani jirgin sama mai inji biyu ya tashi daga Gao da ke bakin kogin Kwara a ƙasar Mali ta yau, ya nufi Fort-Lamy, wato Injamena ta ƙasar Cadi. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,700. Duk wanda ya shimfiɗa taswira ya ja layi miƙaƙƙe tsakanin garuruwan nan biyu zai ga layin ya bi ta kan Tawa da Damagaram, ya gifta arewa da Haɗeja da tazarar da ba ta kai kilomita 150 ba, sannan ya tsallake kogin Yobe, wanda ke ɗauke da ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are zuwa tafkin Cadi. Mutum biyu ne rak a cikin jirgin: matuƙiyarsa Amelia Earhart, 'yar ƙasar Amurka, da jagabanta mai duba hanya, Fred Noonan. Mako uku cif bayan wannan rana, su da jirgin suka ɓace a tekun Fasifik, kuma kafin su ɓace matuƙiyar ta shaida wa masu jiranta ta rediyo cewa mai ya kusa ƙare mata.

Mai karatu, tarihin wannan baiwar Allah nake son mu waiwaya a yau. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jarumtakarta da kuma asirin ɓacewarta, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa rayuwarta ta tuƙi, tun daga farko har ƙarshe, lissafin mai ce. Wannan lissafi kuwa har gobe yana cin rayukan masu ƙananan jirage, kuma ya shafe mu a nan Arewa fiye da yadda muke zato.

An haifi Amelia ranar 24 ga watan Yulin 1897 a garin Atchison na jihar Kansas. Mahaifinta Edwin lauya ne na kamfanonin jirgin ƙasa, wanda shaye-shaye ya hana shi zama wuri guda, don haka ta tashi ana yawo da ita daga wannan gari zuwa wancan tare da mahaifiyarta da ƙanwarta Muriel. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aikin jinyar sojojin da suka samu rauni a wani asibitin soja da ke Toronto ta ƙasar Kanada. A ƙarshen Disambar 1920 ne wani matuƙi mai suna Frank Hawks ya ɗaga ta sama na 'yan mintoci a Kalifoniya, kuma tun daga ranar ta ƙudure wa ranta sai ta iya tuƙi. Ta yi aikin ɗaukar hoto, ta tuƙa babbar mota, ta yi aiki a kamfanin tarho, duk don ta tara kuɗin koyo a hannun wata matuƙiya mai suna Neta Snook. A 1922 ta hau sama har ƙafa 14,000, a 1923 kuma ta samu lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ta zama mace ta 16 a Amurka da ta same shi. Da yake tuƙi ba ya ciyar da mai shi a wancan zamani, sai ta koma aikin kula da 'ya'yan baƙin haure a wani gidan taimakon jama'a a birnin Boston.

A can ne aka neme ta a 1928, aka ce ana son macen da za ta zama ta farko da ta tsallake tekun Atlantika ta sama. Jirgin da aka tanada, mai suna Friendship, irin wanda ke tashi daga kan ruwa ne, matuƙinsa Wilmer Stultz, makanikensa Louis Gordon, ita kuwa fasinja ce mai riƙe da littafin tafiya. A nan ta koyi darasinta na farko a kan mai. Sun shafe kusan mako biyu a gaɓar Trepassey ta tsibirin Newfoundland suna gwada tashi jirgin yana ƙi, saboda rashin kyawun yanayi da kuma nauyin man da suka ɗura. Mai shi ne ran jirgi, amma kuma kaya ne, kuma kowane galan yana da nauyinsa. Ala tilas suka yi ta rage shi har ya koma kimanin galan 700, sannan jirgin ya yarda ya rabu da ruwa ranar 17 ga watan Yuni. Bayan awa 20 da minti 40 suka sauka a Burry Port ta yankin Wales, ba a Southampton da suka so ba, mai ya yi ƙasa ainun. Sun kauce wa inda suka nufa, amma da yake ƙasa ce shimfiɗe a gabansu, inda suka samu nan suka yada zango.

Wannan tafiya ta sa sunanta ya zagaye duniya, sai dai abin ya tsaya mata a rai, ganin ana yi mata kirari a kan aikin da wasu suka yi. Ta auri George Putnam, mai kamfanin buga littattafai wanda ya shirya tafiyar, a watan Fabrairun 1931, kuma a wannan shekara ta zama shugabar farko ta ƙungiyar mata matuƙa jirgi da ake kira Ninety-Nines. Ranar 20 ga watan Mayun 1932 ta tashi ita kaɗai daga Harbour Grace ta Newfoundland a cikin jirgi mai inji ɗaya ƙirar Lockheed Vega, da niyyar sauka a Paris. A cikin dare na'urar auna nisa daga ƙasa ta daina aiki, ƙanƙara ta taru a fikafikai, bututun hayaƙin inji ya tsage har tana hangen wuta ta wurin tsagar, daga baya kuma ta tarar mai yana yoyo a cikin ɗakin tuƙi. A nan ta yi abin da ya kamata kowane matuƙi ya yi: ta haƙura da Paris, ta nemi ƙasa mafi kusa. Bayan awa 14 da minti 56 ta sauka a wata makiyaya kusa da garin Derry na arewacin Ailan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan haƙuri da ta yi shi ne ya ba ta ran da ta ci moriyar nasararta, ta zama mace ta farko da ta tsallake Atlantika ita kaɗai ba tare da ta tsaya ba.

A watan Janairun 1935 ta sake kafa tarihi, ta tashi ita kaɗai daga Honolulu zuwa Oakland ta Kalifoniya. A wannan shekara Jami'ar Purdue ta ɗauke ta mai ba ɗalibai mata shawara, kuma da kuɗin da aka tara ta hannun wannan jami'a aka saya mata jirgin da zai zama ajalinta, wato Lockheed Electra 10E. Jirgin fasinja ne na mutum goma, amma aka cire kujerun aka jera tankuna a wurinsu, har ya zama yana iya ɗaukar galan 1,151, sama da lita 4,300. Burinta shi ne ta zagaye duniya ta kusa da tsakiyarta, inda ta fi faɗi, tafiyar kimanin mil 29,000.

Gwajin farko bai yi kyau ba. A watan Maris na 1937 ta isa Honolulu lafiya, amma ranar 20 ga watan, tana gudu a kan titi za ta tashi da tankuna ɗauke da mai mai yawa, jirgin ya ƙwace ya juya, ƙafafunsa suka karye, ya ja ciki a ƙasa. Allah Ya taƙaita wuta ba ta tashi ba. Aka mayar da jirgin masana'anta a jirgin ruwa don gyara. Babbar asarar da aka yi a wannan tsakani ita ce ta mutum: Harry Manning, kyaftin ɗin jirgin ruwa wanda shi ne ya iya aikin rediyo da saƙon ƙwanƙwasa irin na tangarahu a cikinsu, ya janye daga tafiyar. Aka bar ta da Noonan, gwanin duba taurari wanda ya shata wa kamfanin Pan American hanyoyinsa na tekun Fasifik, amma daga shi har ita babu wanda ya ƙware da saƙon ƙwanƙwasa. Bugu da ƙari, an cire doguwar wayar eriya da jirgin ke saki a bayansa, wadda ita ce ta fi dacewa da zangon da jiragen ruwa ke amfani da shi wajen gano inda murya ke fitowa. Sauƙin da aka nema a ranar, shi ya zama wahala daga baya.

Da aka gama gyara sai ta sauya alƙibla ta fuskanci gabas. Ta bar Miami ranar 1 ga watan Yuni, ta gangara Amurka ta Kudu, ranar 7 ga wata ta tsallako Atlantika daga Natal ta ƙasar Birazil. Dakar suka nufa, amma da suka iso gaɓar Afirka hazo ya rufe ko'ina, sai ga su a Saint-Louis da ke arewa da Dakar. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa. Sun sake kauce wa inda suka nufa, kuma an sake yafe musu, domin nahiyar Afirka ta fi ƙarfin a nema a rasa.

Daga Dakar suka yi Gao ranar 10 ga wata, washegari suka keto sararin ƙasar Hausa da Barno zuwa Fort-Lamy, daga nan sai Alfashir da Kartum. Wannan yanki na tafiyar ya tafi lami lafiya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watanni kafin ta iso an riga an aika da durorin mai zuwa kowane zango, ta yadda duk inda ta sauka guzurinta na jiranta. A Fort-Lamy ma sai da aka jira rana ta faɗi kafin a ɗura mai, saboda ƙarfen jirgin ya ɗauki zafin da ake tsoron kada man ya kama da wuta. Irin wannan tanadi shi ne ya buɗe sararin yankinmu tun farko. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka fara sauka a Kano ranar 1 ga watan Nuwamban 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, zango-zango suka biyo daga Masar ta Sudan da Maiduguri, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Kartum da Kano ta Alfashir da Fort-Lamy da Maiduguri. Hasali ma kakanninmu fatake sun riga kowa sanin wannan ilimi, domin babu madugun da ke tayar da ayari sai ya san inda rijiya ta gaba take, ya kuma san inda wata take idan an tarar waccan ta ƙafe.

Ta bi ta Indiya da Bama da Singafo da Ostireliya, ta isa Lae a tsibirin Niyu Gini ranar 29 ga watan Yuni, ta ci mil 22,000, saura 7,000. A nan ne tafiyar ta canja kama. Zango na gaba shi ne tsibirin Howland, mil 2,556 daga Lae, wato sama da kilomita 4,100, kusan duka a kan ruwa. Howland kuwa wani ɗan tudun rairayi ne wanda tsawonsa bai kai kilomita uku ba, faɗinsa bai kai ɗaya ba, kuma da kyar ya ɗago sama da ruwa. Gwamnatin Amurka ta share titin sauka a kansa domin wannan tafiya, ta kuma girke jirgin ruwa na masu tsaron gaɓar teku mai suna Itasca a gefensa don ya yi mata jagora ta rediyo. Babu wani filin sauka na biyu a kusa. Tsibirin Baker da ke maƙwabtaka ba shi da titi a lokacin, tsibiran Phoenix kuma suna can kudu maso gabas da tazarar sama da kilomita 600.

Da ƙarfe 10:00 na safiyar 2 ga watan Yuli suka tashi daga Lae da kimanin galan 1,100 na mai, wanda nauyinsa kaɗai ya kai tan uku. Jirgin ya cinye titin ciyawa kusan ƙarshensa kafin ya ɗaga, waɗanda suka shaida tashin kuma sun ga ya yi ƙasa-ƙasa da ruwa kafin ya fara hawa. Injiniyan kamfanin Lockheed, Kelly Johnson, ya riga ya tsara mata yadda za ta riƙa rage wa injuna abinci awa bayan awa domin man ya yi auki, kuma an ƙiyasta tafiyar za ta ɗauki kimanin awa 18. Bayan awa bakwai da 'yan mintoci ta aiko da saƙo Lae, inda ta ambaci iska mai gudun sama da kilomita 40 a awa. Iskar wannan yanki kuwa daga gabas take busowa, wato tana tunkarar jirgin. A nan ne lissafin jirgi ya bambanta da na mota. Inji yana shan mai ne gwargwadon awannin da ya yi yana aiki, ko jirgin ya ci ƙasa ko bai ci ba, don haka iskar gaba tana cin mai ba tare da ta ƙara wa tafiya ko taku ɗaya ba.

Da yake sun tsallaka layin da kwanan wata ke sauyawa, safiyar 2 ga wata ce kuma a Howland lokacin da ma'aikatan Itasca suka fara jin muryarta sosai. Suna jin ta, ita ba ta jin su, in ban da sau ɗaya. Zangon da take magana a kai ba shi ne wanda na'urar jirgin ruwan ke iya bin sawunsa ba, zangon da ta nemi a aiko mata da sigina a kai kuma tata na'urar ba ta iya gane inda yake fitowa ba. Su suna aika mata saƙon ƙwanƙwasa, ita murya take jira. Agogonta daban, nasu daban. Taswirar da ke hannun Noonan ma ta ajiye tsibirin mil biyar zuwa shida daga inda yake a zahiri. Da ƙarfe 7:42 ta faɗa musu cewa a lissafinta ta iso kansu amma ba ta gan su ba, tana tafiya a ƙafa 1,000, kuma mai yana ƙarewa. Itasca ya turnuƙe sama da hayaƙi ko za ta hango. Da ƙarfe 8:43, awa 20 da minti 13 bayan tashinta, ta ce tana kai da komo arewa da kudu a kan wani layi da Noonan ya shata, mai lamba 157 da 337. Daga nan ba a sake jin ta ba. Saura mako uku ta cika shekara 40 a duniya.

Sojan ruwan Amurka sun baza jiragen ruwa da na sama, ciki har da Colorado da kuma Lexington mai dakon jiragen yaƙi, aka yi sama da mako biyu ana nema, aka kashe kimanin dala miliyan huɗu, ba a ga ko ƙyalle ba. Ranar 5 ga watan Janairun 1939 kotu ta ayyana ta a matsayin wadda ta mutu. Hukumomin Amurka sun tafi a kan cewa mai ne ya ƙare jirgin ya faɗa teku a kusa da Howland. Wasu masu bincike sun ce ta samu sauran man da ya kai ta tsibirin Nikumaroro na jerin Phoenix, kuma a can ta rasu. A farkon 2024 wani kamfani ya fitar da hoton wani abu mai kama da jirgi a ƙarƙashin teku, kafin ƙarshen shekarar ya tabbatar da cewa duwatsu ne. Ko wanne aka ɗauka a cikin zantukan nan biyu, tushen dai guda ne: lokacin da tanki ya ba ta ya ƙare kafin ta ga wurin sauka.

Ni a nawa ganin, zalunci ne a ce sakaci irin na wanda bai duba tanki ba ne ya kashe Amelia. Ta ɗauki kusan iyakar abin da jirgin zai iya ɗauka, kuma man ya kai ta yankin da ta nufa har da ragowa. Inda gizo ya yi saƙar shi ne, an tsara tafiyar bisa zaton cewa komai zai yi daidai a lokaci guda: iska, taurari, taswira da rediyo. A Wales, a Ailan da kuma Senegal, sau uku tana sauka a inda ba nan ta nufa ba, kuma sau uku ƙasa tana karɓar ta. A Howland babu wannan rangwame, kuma ragowar man da ke tankinta ya isa a yi ɗan nema, bai isa a nema a rasa sannan a tafi wani wuri cikin natsuwa ba. Darasin da na ɗauka shi ne, man da ya isa zuwa kawai bai isa tafiya ba. Wajibi ne a yi guzurin zuwa, da na ɓata, da na komawa wani masauki.

A kan wannan darasi aka gina dokokin tuƙi na yau. A Amurka, alal misali, matuƙin ƙaramin jirgi da ke tafiya da ganin ido ba ya da izinin tashi sai yana da man da zai kai shi inda za shi, da ƙarin na minti 30 idan da rana ne, ko minti 45 idan da dare ne. Wanda zai bi ta cikin gajimare da na'ura kuwa, sai ya tanadi na zuwa, da na kaiwa filin sauka na biyu idan yanayi ya buƙaci haka, da ƙarin minti 45 a kai. Duk da haka matsalar ba ta kau ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bayyana a 2017 cewa daga 2011 zuwa 2015 ana samun haɗarin ƙananan jirage sama da 50 a kowace shekara saboda sha'anin mai. Kashi 56 cikin 100 ƙarewar mai ce ƙarƙaf, kashi 35 kuwa akwai man a jirgin amma bai isa ga inji ba, galibi saboda matuƙi bai juya makunnin zuwa tankin da ke da mai ba. Kusan dukkansu daga ɗan'adam ne, domin waɗanda lalacewar na'ura ta haddasa ba su kai kashi biyar ba. Shahararren mawaƙin nan John Denver ya rasu ta wannan hanya a 1997 a gaɓar Kalifoniya, bayan ya tashi da ɗan mai kaɗan a jirgin da makunnin sauya tankinsa ke bayan kafaɗarsa. Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A watan Satumbar 1994 jirgin da ya ɗauko 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale daga Tunis ya yi ta shawagi a kan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya saboda rashin gani har mai ya ƙare, mutum biyar suka rasu, ciki har da 'yan wasa biyu.

To, ina ruwan mutumin Haɗeja da wannan? Ruwansa ne da tsaki. Ƙaramin jirgin da manomin Auyo ko Guri ko Kirikasamma ya fi sani shi ne jirgin feshi, wanda gwamnati kan ɗauko idan tsuntsayen jan-baki suka taso wa shinkafa da gero. Tsuntsayen nan a cikin kacalar da ta cinye fadamun Haɗeja zuwa Nguru suke kwana, don haka da magariba ake fesa su, lokacin da suka taru a makwancinsu, kuma jirgin a ƙasa-ƙasa yake tafiya. Ga nauyin magani yana takara da nauyin mai, kamar dai yadda ta faru a Trepassey. Ga duhu yana shigowa. Idan inji ya yi shiru a irin wannan tsayi, daƙiƙoƙi ne tsakanin matuƙi da ƙasa, ƙasar kuwa da damina ruwa ce da laka, kamar yadda duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 zai shaida. Daga Haɗeja zuwa filin jirgin saman Dutse ya haura kilomita 100 ta sama, zuwa na Malam Aminu Kano kuwa kimanin 170. Da hunturu kuma hazo kan sauko ya rufe filayen Arewa a rana guda, ta yadda wanda ya tarar Kano a rufe zai iya tarar da maƙwabtanta ma haka. A irin wannan rana, filin jirgin da ba a gani ba shi da bambanci da tsibirin Howland.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗabi'ar da muka saba da ita a kan titi. Direbanmu ya ga allura ta kwanta sai ya ce zai kai mu, ɗan acaɓa ya shiga rizab sai ya girgiza babur ya ci gaba, in abin ya ƙi a tura zuwa gefen hanya a nemi ɗan bumburutu. A sama babu gefen hanya, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Saboda haka ina kira ga 'ya'yanmu da ke koyon tuƙi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da su riƙi abin da malamansu ke nanata musu: a buɗe tanki a duba da ido kafin a tashi, domin zuwa da kai ya fi saƙo, kuma geji yana ƙarya, a riƙa lissafa mai da agogo, a yanke tun a ƙasa iyakar lokacin da in an kai shi ba a ga masauki ba za a juya, idan abin ya matse kuma a faɗa wa hasumiya gaskiya da wuri, kada kunya ta hana.

Kira na biyu kuwa ga manyanmu ne masu ɗaukar shatar jirgi, da jami'an da ke ba da kwangilar feshi. Idan matuƙi ya ce sai an tsaya an sha mai, ko ya ce yau ba za a tashi ba, ko ya ce maganin da aka ɗora ya yi yawa, to a saurare shi, kada a dube shi a matsayin matsoraci ko mai kawo cikas. Taron siyasa ko ɗaurin aure da aka makara ana iya ba da haƙuri a kansa washegari. Mun yarda cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ba a ɗora wa ƙaddara laifin tankin da mutum ya san bai cika ba.

Amelia Earhart ta nuna wa duniya cewa mace za ta iya abin da ake ganin sai namiji, kuma ta buɗe ƙofar da dubban mata suka bi, har da namu na Najeriya. Wannan gado nata ne, babu mai ƙwace mata. Amma wanda zai yi koyi da ita, ya yi koyi da matuƙiyar 1932, wadda ta ga alamar matsala ta haƙura da Paris ta sauka a makiyaya, ya kuma ɗauki izina daga tafiyar 1937, wadda aka shirya ta ba tare da an bar ƙofar haƙura ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, Ya kai kowa gidansa lafiya.